Kurman Sarbo

Aldwier, tsakiyar Oktoba

Zuwa ga Yayata Tjitske,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙugun naki, ya daina yi miki tsiya da safe? Yaya mutanen Zwolle da ruwan samansu? Mu nan iska ce ba ta gajiya, ta kakkaɓe tuffan bayan gida tas kafin in ce zan tsinka.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Kin san gidan nan, in na yi tari a kicin ana ji a bene, shi kuwa maigidana Wiebe kunnensa kamar na zomo in dai zancensa ake yi. Abin da ke cina ba na so ya ji, shi ya sa na ɗauko biro kamar lokacin da muke 'yan mata.

Bari in fara da na dariyar. Motarsa ba ta da lafiya. Ba babbar ba, ƙaramar ta tsere, shuɗiyar nan mai rimot da yake gogewa fiye da takalmin zuwa coci. Ranar Lahadi a rumfar kulob ɗinsu, tana kan miƙaƙƙiyar hanya ba kowa kusa da ita, sai ta kama karkarwa, ta yi hagu ta yi dama, ta je ta gwabza wa katakon gefe. Ya dawo gida fuska a murtuke ya ce sarbo ne ya tsufa.

Kada ki tambaye ni, ni ma sai yanzu na sani. Sarbo wani ɗan inji ne da bai wuce akwatin ashana ba, yana zaune a cikin motar, shi ke juya tayoyin gaba in an taɓa sandar rimot. Tun ranar teburin cin abincina ya zama kanti. Takardun talla, tabarau biyu, ƙananan kusoshi a cikin kwanon sukari. Dankali ma a cinya muke ci. Jiya ya zaunar da ni ya yi mini karatu.

"Abu biyu ake dubawa, Auk, sauri da ƙarfi. Mai ƙarfi na masu hawa duwatsu ne. Mu masu tsere a kan kafet sauri muke nema, mai haƙoran ƙarfe, wanda kafin yatsana ya gama shawara taya ta riga ta juya."

Na ce masa in akwai mai wanke kwanuka ya haɗo mini da shi. Ya ce matsalata ke nan, ba na ɗaukar ilimi da daraja.

Na yi dariya, Yaya, amma iyakarta baki. Tun ƙarshen bazara nake jin kofinsa yana kaɗawa a kan faranti in ya ɗauka da hannun dama. Ƙara ce 'yar ƙarama, kamar haƙora in ana jin sanyi. In ya lura ina kallo sai ya sauke hannun ƙarƙashin tebur. Ban ce masa komai ba. Na dai koma zuba masa kofi rabin kofi, don kada ya zube ya ji kunya, shi kuma bai taɓa tambayar dalili ba.

Kin san mutumin. Duk ƙuruciyarsa a tankar madara ya ƙarar da ita, yana bin 'yan siraran hanyoyin gonaki, ruwa hagu ruwa dama, ko madubi bai taɓa fasawa ba. Allah bai ba mu haihuwa ba, abin alfaharinsa a duniya hannun nan ne. Kin kuma san inda muke. An soke bas ɗin ƙauyenmu, kantin ƙarshe ya rufe, ni ban taɓa koyon tuƙi ba, gwiwata ta raba ni da keke. Burodi, magani, coci, duk a hannun Wiebe suke. Ranar da ya yarda cewa hannunsa ne, ranar zai ajiye makullin babbar mota, don ba zai taɓa tuƙi yana shakkar kansa ba. Ranar da ya ajiye makulli kuwa, zamanmu a gidan nan ya ƙare.

Saboda haka da ya tambaye ni ko na yarda sarbo ne, na ce ƙwarai kuwa, ai daga gani sarbo ne. Ina jin tsoro, Yaya, na faɗa miki gaskiya.

Ki gaishe da maƙwabciyarki mai kyanwa. Ki ba ni amsa a takarda, ki rubuta sunana kaɗai a bayan ambulan.

Ƙanwarki,
Aukje

Aldwier, Nuwamba

Yayata Tjitske,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan sanyin nan bai shiga ƙasusuwanki ba. Takardarki ta iso, na karanta ta a ɗakin wanki. Na gode da safar, ta yi mini daidai.

An sayo sabon sarbo. Daga kantin Sjoerd ya fito, in kin tuna shi, mai sanƙon nan na garin Drachten da ya taka miki ƙafa wajen rawa ranar aurenmu. Shi ke sayar wa 'yan kulob kayan gyara, kuma shi da Wiebe tun gashinsu na baƙi suke tsere suna zagin juna. Wiebe ya zaɓi mafi sauri a kantin kaf, jan ƙarfe ne jikinsa, a cikin akwati mai soso kamar zobe. Ya wuni yana ɗaura shi yana fito.

Ranar Lahadi na bi shi, don layina ne na dafa miyar wake a kicin ɗin kulob. Ta tagar kicin ana ganin komai, kafet ɗin da motocin ke tsere a kai da dandamalin da direbobi ke tsayawa a jere. Da Wiebe zai hau, Sjoerd ya ɗaga murya.

"Ku ba da hanya, ga ɗan madara da sabuwar amarya! Yau ba sauran uzuri, tsoho."

"Kai dai riƙe wandonka, mai sanƙo, kada iskata ta tafi da shi."

Yaya, garin gyaran gira aka rasa ido. Da tsohon sarbon motar karkarwa take yi, da sabon kuwa sai ta zama kamar kazar da aka yanka. Ta daki katakon hagu, ta dawo ta daki na dama, ta kifa motar wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Masu tsayawa a kwana suna ɗaga motocin da suka kife har suka gaji da sunkuya mata. Da farko ana ta dariya ana tsokana. Can sai dariyar ta fara raguwa.

Da aka tashi, Wiebe ya sauko a fusace ya yi abin da ban taɓa ganin an yi a wurin ba. A kulob ɗin nan ka fi saurin samun aron buroshin haƙoran mutum a kan rimot ɗinsa. Amma ya dangwara wa Sjoerd nasa a ƙirji.

"Kai ka sayar mini da ruɓaɓɓen kaya. Karɓi ka tuƙa da kanka, kowa ya gani!"

Sjoerd ya karɓa yana dariya, ya hau dandamali. Motar ta tashi ta miƙe sak kamar an ja layi da rula. Ta sha kwanar farko sumul, ta sha ta biyu. Rumfar ta yi tsit, har tafasar miyata nake ji. Na ga lokacin da Sjoerd ya gane abin da ya aikata, dariyar ta bushe a fuskarsa. Sai ya kama kaɗa yatsansa da gangan, ya kai motar ya buga wa katako, ya sauko yana girgiza kai.

"Gaskiyarka, Wiebe. In ya yi zafi yana rikicewa. Zan yi wa kamfanin magana."

Nan da nan kowa ya sa baki. Wannan ya ce shi ma ya taɓa samun irinsa, wancan ya ce ƙila batir ne. Manyan mutane masu furfura suna ta zuba ƙarya saboda ƙauna, shi kuma yana tsaye a tsakiyarsu hannun dama a aljihu. Ni ma na leƙo ta taga na ce a zo a sha miya tun da zafinta.

A hanyar gida, kan gaɓar magudanar ruwan nan kafin gadar ƙauyenmu, tayar babbar mota ta sauka daga kwalta ta taka ciyawa. Ya maido ta nan take. Amma na ga ruwan ta tagata, baƙi ƙirin, kusa sosai. Ya ce iska ce. Na ce lallai yau akwai iska.

Gaba kura baya sayaki, Yaya. In na yi magana na rushe masa abin da yake tsaye a kai, na kuma raba mu da gidanmu. In na yi shiru, wata rana ba ciyawa tayar za ta taka ba, kuma ba lallai mu kaɗai ne a kan hanyar ba. Na rasa wanda zan roƙa a cikin biyun. Ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Aukje

Aldwier, bayan Sabuwar Shekara

Yaya Tjitske,

Barka da shiga sabuwar shekara, Allah ya sa mu ga ƙarshenta lafiya. Yaya jikin? An ce tarin nan yana yawo a wajenku, ki riƙa rufe wuyanki.

Faɗanki ya iso, shafi biyu cur. Kin ce in kai shi asibiti ko da jan kunne ne. Daga Zwolle abin da sauƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ke kin san kunnen Wiebe ba ya jawuwa. Amma ban ji haushi ba, gaskiya kika faɗa.

Sjoerd ya zo gidan nan kafin Kirsimeti, ya daidaici lokacin da Wiebe ya tafi aski. Ko hularsa bai cire ba. Ya ajiye mini wani ɗan baƙin abu na roba a kan tebur, ba akwati ba takarda.

"Wannan shi muke kira kurma," in ji shi. "Shi ke zuwa a cikin motocin 'yan koyo. Duk wanda ya fara iya tuƙi cire shi yake yi ya jefa mini a kwali."

Na ce to me zan yi da shi, in sa a miya?

Ya ce, "Aukje, sarbon da na sayar masa ba shi da laifi sai biyayya. Komai yake ji. Abin da yatsa ya yi niyya da wanda bai yi niyya ba, duk yana kai wa taya. Mu kuma duk rayuwarmu abu ɗaya muka sani, in mota ta ƙi jin magana a ƙara mata sauri. Ni na miƙa masa da hannuna, ban yi tunani ba. Shi wannan nauyin kunne gare shi, sai an yi masa magana da ƙarfi yake motsi. Ƙaramar rawa ba ya jin ta."

Na tambaye shi ko babu wata dabara da ba sai Wiebe ya sani ba. Ya ce sababbin rimot ana iya rage musu kaifi, amma na Wiebe tsoho ne mai sanduna biyu, wanda ya rantse da shi za a binne shi. Sarbon kuwa ko ido a rufe ya taɓa zai gane. Ya ce a kulob in ana so a ci mutuncin direba sai a ce masa ya je ya sa kurma. Yana faɗa yana share hanci, wai sanyi ne.

Na ajiye shi kusa da farantin Wiebe da rana. Kallo ɗaya ya yi masa, wuyansa ya yi ja.

"Wa ya kawo wannan gidana?"

Na ce Sjoerd ne, ya ce ko za ka gwada.

"Kurma? Ni? Yara ake ba kurma, da waɗanda suka sha suka yi tatul." Ya dube ni ido cikin ido. "Ke ma haka kike gani, Auk?"

Ga ƙofa ya buɗe mini da kansa, Yaya. Kalma ɗaya ta rage. Sai na ji bakina yana cewa ni me na sani game da sarbo. Na tashi na kama goge murhun da na riga na goge.

Tun daga ranar bai koma kulob ba. Ya lulluɓe shuɗiyar da tawul a kan kanta. Lahadi ta zo ta wuce yana zaune a bakin taga yana kallon gonar maƙwabci da ba komai cikinta sai ruwa da agwagi. Ya daina yin fito, ba ya tsokanata, abinci ma sai na yi da gaske. Kurman yana nan kan tebur inda na ajiye shi, bai jefar ba bai kuma taɓa ba, kullum sai in ɗaga shi in goge ƙarƙashinsa in mayar. Babbar mota kuwa har yanzu yana tuƙa ta, a hankali kamar mai bin gawa, hannu biyu a sitiyari.

Na gaji, Yaya. Mutumin da na aura yana narkewa a gabana, ni kuma ina zuba masa rabin kofi ina zancen iska. Ban ga mafita ba ko ɗaya.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki mai kewarki,
Aukje

Aldwier, ƙarshen Fabrairu

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan tarin ya sake ki. Ki yafe mini shirun da na yi, ban sami abin faɗa ba ne. Yanzu na samu.

Ranar Asabar da hantsi ina feraye dankali ya kira ni. Na tarar ya yaye tawul ɗin, ya cire jan sarbon ya mayar da shi akwatinsa, kurman yana zaune a gurbinsa. Saura kusoshi. Ya yi ta fama, sukudireba tana ta zamewa daga kan kusar, har ta karce masa yatsa. Bai ɗago kai ba ya miƙo mini ita.

"Idonki ya fi nawa. Ɗaura mini."

Ba ido ba ne, ni da shi mun sani. Na ɗaura, yana gaya mini inda zan tsaya kada in fasa robar. Tunda muka yi aure ban taɓa sa hannu a motar nan ba sai ranar.

Lahadi muka tafi kulob. Da ya ɗora motar a teburin dubawa kowa ya ga abin da ke cikinta, ba wanda ya ce uffan. Sjoerd ne kawai ya daure.

"Ka dawo, ɗan madara? Har mun fara jin daɗin rashinka."

"Na zo in ga ko sanƙon ya kai ƙeya."

Aka tashi. Yaya, motar ta miƙe. Daga taga ina ganin hannunsa yana rawa a kan sandar, rimot ɗin ma kansa yana kaɗawa, amma shuɗiyar ko a jikinta, tana tafiyarta sak. A kwana kuwa sai ta yi nauyi, ta buɗe da faɗi kamar tankar madara. Sai ya koma fara juyawa tun da nisa, yadda yake yi da tankar a hanyoyin gonaki. Kowa ya wuce shi, wasu har sau biyu. Shi ne na ƙarshe. Amma daga farko har ƙarshe bai taɓa katako ba, ba wanda ya sunkuya ya ɗaga masa mota. Da ya sauko aka yi ta tafi, Sjoerd ya rungume shi yana zaginsa. Ni kuwa zuciyata ta yi fari, na ce ashe an samu magani, ashe za mu ci gaba da zamanmu. Wauta ce irin tawa.

Da muka fito wajen ajiye motoci, ya sa shuɗiyar a but ɗin babbar mota, ya zagayo ƙofar direba ya tsaya. Ya daɗe yana kallon makullin a tafinsa, suna 'yar ƙara. Sannan ya juya ya kira Sjoerd.

"Mai sanƙo, zo ka kai mu gida."

Sjoerd ya ce wasa yake yi, ai yanzu ya nuna wa kowa tuƙi.

"Na ga abin da na zo gani," in ji Wiebe. "Da ta yi rawa da kurma ma, da na ce motar ce. Ba ta yi ba." Ya dafa rufin babbar motar. "Ita wannan ba a yi mata kurma ba. Komai take ji."

Ya shiga kujerar baya kusa da ni. Ban taɓa ganinsa a bayan mota ba, bai ma san inda bel ɗin yake ba, ni na laluɓo masa. Muka wuce gaɓar ruwan nan. Hannunsa yana kan gwiwata yana ta aikinsa, na ɗora nawa a kai, bai janye ba.

An ba mu ranar ganin likita a watan gobe, Sjoerd zai kai mu. Motar za a sayar. Mun rubuta sunanmu a layin masu neman ɗaki a Drachten, hawa na ƙasa, kusa da kanti. Tuffan bana wani ne zai tsinke su. Ina zagaya gidan ina taɓa bango kamar mahaukaciya, in na tuna sai in shiga ɗakin wanki in yi kukana in fito. Kada ki ce mini hakan ya fi. Na san ya fi, ba ya rage komai.

Yau da safe na zuba masa kofi kamar kullum. Ya leƙa cikin kofin, ya turo mini shi.

"Cika shi, Auk. Tun bazara kike ba ni rabi, ina lissafe. Na bar ki ne don na ga kina jin tsoro."

Na cika shi har baki. Ya ɗauka, ya zube a faranti, ya zube a kan teburin, ya shanye abin da ya saura. Na kawo tsumma na goge a gabansa.

Daga yau kina iya kirana a waya, ba sauran abin da zai ji wanda bai sani ba. In ƙugunki ya bari, ki zo kafin mu fara ɗaure kaya, ki sake kwana a ɗakin bene. Wiebe yana gaishe ki, ya ce ki taho da haƙurin zama a motar Sjoerd, don tuƙinsa ba tarbiyya.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Aukje